Hatsi a Shuwarin, Tamowa a Gida: Wa Ke Ciyar da Yaran Jigawa a Dogon Hutu?

Ranar Litinin, baƙo a Dutse ba ya buƙatar a nuna masa hanyar Shuwarin. Ya bi ayari kawai. Tun hantsi a-kori-kura ke tururuwa a kan hanyar Kiyawa, wasu sun sha lodi har bayansu na neman taɓa kwalta, ga 'yan acaɓa da buhu bibbiyu a ɗaure, ga amalanken shanu na ɓullowa daga hanyoyin ƙauye. Kafin azahar manyan motoci sun jeru a gefen titin Kano zuwa Maiduguri, 'yan dako na hawa da sauka da buhu a wuya. A cikin kasuwa ma'auna sun tsuguna gaban tsibin gero da dawa da masara, dillalai na zagayawa, wannan ya damƙi riɗi ya watsa a baki ya ji ko da yashi, wancan ya murza wake a tafin hannu yana neman hudar ƙwaro. Ga gyaɗa, ga waken suya, ga busasshen zoɓo, ga dabinon da aka san ƙasar Dutse da shi. Can gefe matan Fulani sun jera ƙoren nono da man shanu, 'yan gwari na yayyafa wa kayansu ruwa.

Shuwarin na cikin Ƙaramar Hukumar Kiyawa, tafiyar 'yan mintuna daga babban birnin jihar, kuma ɗaya ce cikin jerin kasuwannin mako da 'yan sari suka haddace: Lahadi Gujungu ta ƙasar Taura, Litinin Shuwarin, Talata Sara ta ƙasar Gwaram, Alhamis Maigatari a bakin iyakar Nijar. Abin da aka auna a nan yakan kwana a Dawanau ta Kano, wani ya zarce kudu, riɗi da zoɓo kuwa har teku suke ƙetarewa. A Turai da Amurka sai hukuma ta zauna ta tsara kasuwar da manomi zai kawo amfanin gonarsa ya sayar wa mai ci hannu da hannu, a ware mata fili, a sa mata rana, a yi ta yayatawa. A Jigawa ba wanda ya tsara, gado ce.

Duk da haka, a binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018, kashi 64 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗewa cikin ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan laulayi. Jihar Kebbi kaɗai ta ɗara ta, da kashi 66, alhali ƙasar baki ɗaya na da 37. A binciken 2023 zuwa 2024 Jigawa ta ɗan sauko, amma duk da haka abin ya haura rabin yaranta, yayin da adadin ƙasa ya tashi zuwa kashi 40. Waɗannan yara ba a hamada suke ba. Da yawansu daga ƙofar gidansu ana jiyo ƙugin motocin da ke fita da hatsi.

Watannin da rumbu ke ƙara

Manomi ba ya buƙatar a karanta masa wannan lissafi. Ruwa ya sauka a Yuni an yi shuka, sai noman fari, sai maimai. Gero ba ya nuna sai an shiga Satumba, dawa kuwa sai ta kai Nuwamba. A tsakani rumbu yana ta yin ƙasa, har a kai ranar da uwargida za ta zura hannu ta ji tabarmar gindi. Magidancin da ya kai hatsinsa kasuwa da kaka, lokacin da kowa ke sayarwa kuma farashi ya faɗi, don ya biya bashin taki ko ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki, shi ne ke dawowa Shuwarin a Agusta da kuɗin ƙwadago a aljihu, yana awon kwano ɗaya a farashin da ya zarce wanda ya sayar. Wani ya ci bashin buhu, a kan zai biya da ƙari idan an yi girbi. Girki ya koma sau biyu, a wasu gidajen sau ɗaya: tuwon dare, ɗumamensa da safe, da rana a yi kwaɗon tafasa ko rama idan an samu ƙuli-ƙuli.

Masu auna yanayin abinci a Afirka ta Yamma, ƙarƙashin tsarin Cadre Harmonisé, suna ɗaukar Yuni zuwa Agusta a matsayin lokacin ƙunci. A nazarinsu na Nuwamba 2024 sun yi hasashen cewa kimanin mutum miliyan 33 a Najeriya za su shiga matsin abinci a waɗannan watanni na 2025. Wannan ya biyo bayan shekarar da ba a mantawa: an cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu 2023, an rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yuli har zuwa Maris 2024, hauhawar farashin abinci kuma ta haura kashi 40 cikin 100 a Yuni 2024.

Marka ba yunwa kaɗai take kawowa ba. Da ita ake samun sauro da zazzaɓinsa, da ita ruwan sha ke gurɓata a yi ta gudawa, a shekarun ambaliya irin 2022 kuwa gonaki da gidajen ƙasa suka tafi tare. Yaron da ke gudawa ba ya riƙe ɗan abin da ya ci, wanda zazzaɓi ya kayar ba ya ma son cin. Shi ya sa a wannan lokaci ne cibiyoyin kula da tamowa ke cika. Ma'aikaciyar lafiya za ta zagaya damtsen yaro da ɗan tef mai launi uku: kore lafiya lau, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa mai tsanani ke nan. A maƙwabciyar jiha Katsina, ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta a watanni shida na farkon 2025 kaɗai, tun ma kafin marka ta kankama.

Sai kuma a duba kalandar makaranta. Zango na uku yana ƙarewa wajen ƙarshen Yuli, ba a komawa sai Satumba. Wato dogon hutu ya faɗo daidai tsakiyar ƙuncin nan, kamar da gangan aka auna. Ɗaliban makarantun kwana, da gwamnati ke ciyarwa safe, rana da dare, sun dawo gida sun ƙaru a kan tukunyar da dama ba ta isa. Maza a tafi da su gona ko kiwo. Mata a ɗora musu faranti: dafaffiyar gyaɗa, awara, ɗanwake, masara. Duk ranar kasuwa za a gan su suna ratsa rumfuna, yarinya ɗauke da abincin da zai ƙosar da mutum goma, ita kuwa rabonta sai abin da ya yi kwantai.

Kwanon naira 70

Ciyar da ɗalibai a makarantun jeka-ka-dawo ba sabon zance ba ne a Najeriya. Gwamnatin Obasanjo ta yi gwajinsa a 2005 a wasu jihohi, akasarinsu suka yar da shi, Osun ce ta riƙe. A 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta dawo da shi da faɗi: abinci sau ɗaya a rana ga 'yan aji 1 zuwa 3 na firamaren gwamnati, a kan naira 70 kowane yaro, daga baya aka mayar naira 100. Hukuma ta ce a ganiyarsa shirin ya kai ga yara kusan miliyan 10, da masu dafa abinci fiye da 100,000. Jigawa na cikin jihohin da suka amfana, kuma duk malamin firamare na ƙauye da ya ga lokacin zai shaida yadda aji ke cika a ranar da kuloli suka iso.

Manufar da aka rubuta a takarda tana da kyau: a sayi kayan daga manoman yankin, matan unguwa su dafa, kuɗin ya zagaya a garin. A aikace an sha ƙorafin jinkirin biyan masu dafawa, da makonnin da abinci ke yankewa ba bayani, da kason da ke ƙanƙancewa yayin da kasuwa ke tashi. Zuwa 2024 ƙwai ɗaya ma ya fi ƙarfin naira 100. A Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da shirye-shiryen hukumar tallafin jama'a ta ƙasa bayan zargin almundahana a ma'aikatar jin ƙai, ciyar da ɗalibai na cikin waɗanda abin ya shafa.

Amma ko a kwanakin da shirin ke tafiya sumul, yana da giɓi biyu da ba a cika magana a kansu ba. Na farko, tukunyar tana bin ƙararrawar makaranta ne. Ranar da aka ba da hutu ranar ake kife ta. Sau ɗaya aka gwada wani abu daban, a 2020 lokacin kullen korona, da gwamnatin tarayya ta raba ɗanyen abinci gida-gida a Abuja da Legas da Ogun, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce fiye da yabo. Na biyu ya fi wannan nauyi. Tsumburewa tana kama yaro ne a kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikarsa shekara biyu. Wanda ya kai shiga aji ɗaya, an riga an yi masa illar ko an tsallake. Kwanon makaranta yana riƙe yaro a aji, yana buɗe masa kai, tunda da ruwan ciki ake jan na rijiya, amma ba ya kaiwa ga ƙaninsa da ke goye a bayan uwa.

Wasu ƙasashen sun daɗe da gane cewa ciki ba ya tafiya hutu. A Amurka tun 1968 aka fara shirin ciyar da yara a hutun bazara, ya samu gindin zama a 1975; ana dafawa a makarantu da wuraren ibada da filayen wasa, duk yaron da bai haura shekara 18 ba ya zo ya ci, ba a tambayarsa takarda a unguwannin marasa ƙarfi. Daga 2024, a akasarin jihohin ƙasar, aka ƙara da kati mai dala 120 ga kowane yaro na iyali mai ƙaramin ƙarfi, don cefanen watannin hutu. Tun 1992 kuma suna ba mata masu ciki da masu shayarwa takardun da ba sa aiki sai a kasuwar manoma, a birnin Detroit ma daga 2009 wata ƙungiya ta fara ninka wa talaka kuɗinsa idan kayan lambun yankin zai saya. Brazil ta yi doka a 2009 cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ke bayarwa dole a kashe su wurin ƙananan manoma. Misalin da ya fi kusa da halin Jigawa shi ne na Indiya, inda Kotun Ƙoli ta ba da umarni a 2004 cewa a yankunan da fari ya shafa a ci gaba da abincin rana na makaranta har cikin dogon hutu.

Abin da gida ke sayarwa don ya sayi dawa

A nan ne ya kamata a tsaya a sake kallon kasuwa da kyau, domin damina ba ta talauta kowane irin abinci ba. Hatsi ne ke tsada, kuɗi ne ke wuya. Amma a marka ne zabi ke zuba ƙwai, har yara na tallarsa a tasha. A marka ne shanu ke samun ɗanyar ciyawa nono ya wadata. Zogale ya yi lif, rama da alayyahu da yaɗiya da tafasa sun cika bayan gida, ɗanyar kuɓewa ta fito, kabewa na tafe. Kusan duk abin da jikin ƙaramin yaro ke nema yana nan a watan da ya fi ramewa.

To ina yake tafiya? Kasuwa. Uwa ta tara ƙwan zabi goma ta aika da su, a sayar a auno mata dawa, saboda ƙwai goma ba za su kwana da mutum takwas ba, kwanon dawa kuwa zai yi. Bafulatana ta kai nononta gari ta dawo da gero da gishiri da sabulu. Ba jahilci ba ne, lissafi ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙe gida a Agusta zai yi irinsa. Akan ɗora laifin a kan camfi, irin na cewa yaron da ya saba cin ƙwai zai tashi da ɗan hali. Camfin yana nan, ba a musu, amma sau nawa aka ga ya hana ɗan mai kuɗi cin wainar ƙwai?

Sakamakon shi ne yaro ya ƙoshi da koko da tuwo, cikinsa ya cika, jikinsa bai samu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun kasa abincin ƙananan yara gida takwas: nonon uwa, hatsi da saiwoyi, wake da gyaɗa da danginsu, madara, nama da kifi, ƙwai, ganyaye da 'ya'yan itace masu sinadarin bitamin A, sai sauran kayan lambu. Ana son yaro ɗan wata 6 zuwa 23 ya samu aƙalla biyar a rana. Rahoton UNICEF na 2024 ya ce kimanin yara miliyan 11 a Najeriya, ɗaya cikin uku na 'yan ƙasa da shekara biyar, ba sa wuce biyu.

An taɓa gwada abin da zai faru idan aka sa kuɗin cefane a hannun uwar, kuma har a Jigawa aka gwada. Daga 2013 zuwa 2019, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger sun gudanar da wani shiri a ƙananan hukumomi biyar: Buji da Gagarawa da Kirikasamma a Jigawa, Anka da Tsafe a Zamfara. Mace na samun naira 3,500 duk wata tun daga tabbatar ciki har yaro ya cika shekara biyu, daga 2017 aka mayar naira 4,000. Tare da kuɗin akwai faɗakarwa ta rediyo da huɗubar Juma'a da koyar da girki a aikace. An raba ƙauyuka ta hanyar ƙuri'a, wasu suka fara samu wasu suka jira, don a iya kwatantawa. Masu binciken da suka bi sawun yaran tsawon shekara huɗu sun samu raguwar tsumburewa da kimanin kashi 8 cikin 100. Ba mu'ujiza ba ce, amma a fagen da alƙaluma ke shekara goma ba su motsa ba, abin a duba ne. Sun kuma tarar cewa akasari matan ne ke yanke shawarar yadda za a kashe kuɗin, mafi yawansu a abinci suka tafi, wasu suka sayi akuya ko suka ja jarin ƙaramar sana'a. Tsoron da aka yi tun farko, cewa mazaje za su karɓe, bai tabbata yadda aka zata ba.

Gwamnatin jiha ma ba ta zauna ba. Shirinta na Masaki, da ya fara da cibiyoyi 300 a ƙauyuka, ya dogara ne da matan gari da aka horar: su auna damtsen yara, su tura masu ja asibiti, su koya wa iyaye haɗa abinci daga abin da ke gonarsu. A 2024 gwamnatin Malam Umar Namadi ta horar da mata 600 kan haɗa garin kunun nan da ake kira Tom Brown. Haɗin da aka fi sani ba shi da wani sirri: awo shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya a niƙa. Babu ɗaya daga ciki da ba a samu a Shuwarin. Jihar ta kuma zuba kuɗi a asusun haɗin gwiwa da UNICEF, inda ake ninka abin da jiha ta bayar don sayen abincin tamowa na leda.

Shi wannan abincin leda, da ya yi suna tun yunwar 2005 a Maraɗi, gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai da sinadarai, giram 92 a kowace leda, kuma yanzu har a Kano ana yin sa. Yana ceton rai, babu ja. Sai dai magani ne na wanda ya riga ya faɗi, katan guda ga yaro guda na tsawon makonni, kuma kuɗinsa ya daɗe yana fitowa daga waje. Tun da Amurka ta zaftare tallafinta na ƙetare a farkon 2025, wannan ƙofa ta ƙara ƙuncewa.

Tukunyar Agusta

Idan aka jera abin da Jigawa ke da shi a hannu, sai a ga kayan haɗin sun kusa cika. Akwai kasuwanni. Akwai dubban matan da suka yi girkin makaranta, sun san awo sun san yawa. Akwai cibiyoyin Masaki. Akwai azuzuwa da rijiyoyin burtsatse na makarantu da ke zaune a kulle tsawon hutu. Akwai ma ayarin ma'aikatan da ke bin gida-gida wata-wata a damina suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, waɗanda sun san ƙofar da ke da yaro da wadda ba ta da shi. Abin da babu shi ne wanda zai haɗa waɗannan ya ce ga tukunyar hutu, ta mako shida ko bakwai, a mazaɓun da tef ya fi nuna ja.

Yin hakan na da ƙa'idojinsa, kuma kasuwa ce za ta koyar da su. Kuskure ne babba hukuma ta shiga Shuwarin ko Sara a Agusta da buhunan kuɗi tana sayen hatsi. Farashi zai tashi a kan talakan da aka ce za a taimaka. Hatsi da wake da gyaɗa da kaka ake sayensu, a Nuwamba da Disamba, lokacin da ƙaramin manomi ke neman mai saye da daraja. Ajiya kuma ba ta gagara. Buhun nan mai ciki uku na PICS, da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ɓullo da shi tare da masu bincike na Afirka ta Yamma, yana riƙe wake wata da watanni ba tare da an barbaɗa masa maganin ƙwari ba. Gyaɗa ita ce mai son kulawa, domin idan ta sha danshi takan yi funfuna mai guba da ke lahanta hanta, kuma an danganta gubar da tsumburewar yara. Ɗanyen kaya kuwa, ƙwan zabi da nono da ganye da kuɓewa, a saye su mako-mako a kasuwar da ta fi kusa, daga hannun matan da dama su ke kawowa. Ta haka ƙwan da uwa ta sayar don ta auno dawa zai iya dawowa bakin ɗanta, kuɗin kuma ya shiga hannunta.

Sannan kada a tsaya a kan rajistar makaranta. Idan 'yan aji 1 zuwa 3 kaɗai za a kira, an bar na goye, an bar mai ciki, an bar yaran da ba su taɓa shiga aji ba, an bar almajiran tsangaya da su ma a damina gidajen da suke bara ba su da ragowa. Yarinyar da ta zo cin nata ta zo da ƙaninta. Uwar da ke shayarwa ta tafi da garin kunu na mako. Tsabta kuma ba abin wasa ba ce a watan da amai da gudawa ke yawo: tukunya ɗaya da aka dafa da gurɓataccen ruwa ta isa ta rusa amanar gari guda. Babban haɗarin dai sananne ne, wato abin ya zama kwangila, a ba wani mai uwa a gindin murhu da ke zaune a birni, ya sayo shinkafa da taliya daga kanti ya aika ƙauye.

Kuɗi fa? A nan masarauta na da abin cewa. Kwamitin zakka na Masarautar Dutse, da ya bunƙasa a zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya rasu a Janairu 2023, ya yi suna wajen tattara zakkar hatsi da dabbobi da kuɗi gunduma-gunduma, a raba wa mabuƙata a inda aka tara. Zakkar amfanin gona, ɗaya cikin goma ga noman damina da ɗaya cikin ashirin ga na ban-ruwa, da girbi ake fitar da ita, kuma hukuncinta na malamai ne. Amma ƙofar waƙafi da sadaka a buɗe take, kuma tsarin da ya iya tara dami daga hannun manoma a ƙananan hukumomi bakwai na masarautar, daga Gwaram zuwa Miga, ba zai kasa riƙe rumbun yara na damina ba idan aka ɗora masa.

Hujja mafi ƙarfi cewa jihar za ta iya ita ce abin da take yi da azumi. A Ramadan na 2024 gwamnatin Jigawa ta ware kimanin naira biliyan 2.8 don ciyarwa a cibiyoyi wajen 600 a faɗin mazaɓu 287, ana raba kunu da ƙosai da dafa-duka kowace yamma. A 2025 kuɗin ya kai kimanin biliyan 4.8. Wato cikin 'yan makonni akan ɗauki masu girki, a sayi itace da hatsi da mai, a ciyar da mutum fiye da 150,000 kullum har wata guda, a ƙauye da birni. Aikin lada ne, kuma mabuƙata na amfana. Ya kuma nuna cewa in an so, akwai hannu, akwai tsari, akwai kuɗi.

Sai dai watan azumi ba ya zama wuri ɗaya. Kowace shekara yana matsowa baya da kwana 10 ko 11. A 2011 ya cika watan Agusta cif. A 2025 ya faɗo a Maris, zuwa 2030 zai kasance a Janairu, daga nan ya gangara Disamba da Nuwamba, lokacin da rumbuna ke cike kuma kwanon gero ya fi araha a duk shekara. Ba zai sake haɗuwa da marka da dogon hutu ba sai bayan 2040. Kafin nan, duk abin da za a dafa wa yara a Agusta sai an sa masa layinsa daban a kasafin kuɗin da gwamna ke kai wa majalisar dokoki mai kujeru 30 a Dutse a ƙarshen shekara, a makonnin da sabuwar dawa ke shigowa kasuwa.